Kwale-kwale na Uku a Ruwan Tiga

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan, amma ba irin wadda ake yi wa yara don su yi barci ba ce. A kaina ta faru.

Ni mutuniyar bakin kogi ce. Garin da aka haife ni yau yana ƙarƙashin ruwan Tiga, da gidajensa da rijiyoyinsa da makabartarsa. Abin da ya rage a sama sai kan dutsen da awakinmu suke hawa, shi ne yanzu masunta suke ce wa tsibiri. Daga can aka kai ni aure Fassi. Na haihu bakwai, biyar suka tsaya. Wanda labarin nan ya shafa shi ne na fari.

Ku 'yan yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban jama'a, kuna ƙwala masa kira tun daga zaure. Mu ba haka aka horar da mu ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a yi masa magana sai ta bakin wani. In ya faɗi ya fasa baki a gabanki, ki kau da kai, wata ce za ta ɗaga shi. Da aka yaye nawa, mahaifiyata ta zo ta goya shi ta tafi da shi garinmu, yadda aka saba. Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, don abin da ya ji ƙannena suna faɗa ke nan. Ni kuma in zan ambace shi sai in ce yaron nan. Da ya girma ya sayi mota, na koma cewa mai motar.

Ya kai kamar shekara goma sha ɗaya, sai ubansa ya ce lokaci ya yi da zai dawo a sa shi boko a Kibiya. Shi bai iya tunkarar surukarsa da maganar ba, sai ya aike ni, ina ɗauke da tsohon ciki. Na iske ta a gindin rumbu tana kaɗi. Na isar da saƙo. Ta tambaye ni ko ba ta shi muka yi ko kuwa ara mata muka yi. Magana ta yi tsawo, rana ta take, ƙafafuna sun kumbura da tafiya, sai bakina ya kuɓuce na ce, “Ai ni na haife shi.”

Ta ajiye mazari. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki asabari. Da zan tafi ba ta raka ni ko bakin ƙofa ba. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Ina cikin wankan jego aka aiko ta rasu. Kafin in isa an kai ta da kwana biyu. Mace ba ta zuwa makabarta, don haka ban san ko a wane gefe aka sa ta ba. Shekara ta zagayo, aka tare kogi, aka kwashe mutane, ruwa ya hau. Yaron nan ya dawo gidan ubansa da ɗan ƙullin kayansa, ya shiga makarantar da aka yi faɗan a kanta, ya yi shekara uku ya gudu tasha. Ban tambaye shi komai ba, bai ce mini komai ba. Tun daga lokacin ban ƙara sa kifin Tiga a bakina ba. Mutanen gida suka ɗauka ƙarni ne ba na so, na bar su a haka.

To kun ji abin da nake ɗauke da shi. Abu guda nake so kafin in bi ta: in tsaya daidai inda take, ko da a kan ruwa ne, in ce Inna ki yafe mini. Fiye da shekara talatin ban sami wanda zan faɗa wa ba.

Bayan malam mai gidana ya rasu, mai motar ya ɗauko ni daga Fassi ya kawo ni gidansa a Rano, ya gina mini ɗaki mai kwano da taga biyu. Lokacin yana da bas biyu masu zuwa Kano, ya je Makka, kowa Alhaji yake ce masa. Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, ni kuma in amsa da labule a tsakaninmu, fuskata a bango. Bai taɓa barina da yunwa ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba.

A shekarar da aka hana mata hawa acaɓa ne, bayan ƙaramar salla, 'ya'yansa suka taso shi a gaba. Sun gani a fim ana rawa a bakin ruwan Tiga, wai su ma sai an kai su sun shiga jirgi. Suka yi ta naci har ya ce to, a tara dangi, a yi yini guda a kan ruwa. Da labarin ya iso ɗakina, tasbaha ce ta faɗi daga hannuna. Na ce ashe Allah bai manta da ni ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida don a tsara tafiya. Autata ta zo daga Zurgu inda take aure, ƙannensa maza suka zo, ga matarsa, ga jikoki kamar fara. Ni ina ɗaki a bayan labule, don ba zan zauna a tabarma ɗaya da shi ba. Babbar jikata, wadda take karatun malanta a Kano, ita ta riƙe takarda da biro. Ta ce yanzu zamanin dimokuraɗiyya ne, ba wanda zai yanke shi kaɗai, komai sai an ɗaga hannu. Aka yi dariya, aka ce to ranka ya daɗe shugabar zaɓe.

Aka ɗaga hannu a kan rana, Asabar ta sama ta ci. Aka ɗaga hannu a kan abinci, shinkafa da soyayyun kaji suka ka da dambu. Aka ce a can za a sayi kifi ɗanye a soya a bakin ruwa. Wani ƙaninsa mai ɗan gemu ya ce yanzu Shari'a ake yi, ba za a cakuɗa maza da mata a jirgi ɗaya a ja wa gida magana ba, sai aka ce a kama biyu masu inji, ɗaya na maza ɗaya na mata. Wannan ba a ɗaga hannu a kansa ba.

Sai aka zo kan hanya. Jikata ta ce an ce akwai wani tsibiri a tsakiyar ruwa, ko a je can? Na kasa kunne. Mai motar ya yi gyaran murya ya ce a'a, gaɓar arewa za a bi. Ya ce can ne duwatsu masu kyau suke, can ake ganin katangar madatsar, ruwan ba zurfi, ga wurin ɗaukar hoto, a bi gaɓa a hankali har inda itatuwa suka yi layi a juyo. Ya iya zuba magana in ya so. Kafin ya rufe baki hannuwa sun tashi kamar dawa a gona. Ta tsagar labule na ƙirga, ba hannun da ya rage a ƙasa.

Daga nan matarsa ta ce, to Hajiya fa? Ya ce tsohuwa ba za a wahalar da ita a kan ruwa ba. A nema mata inuwa mai kyau a bakin gaɓa, a shimfiɗa mata darduma, ta zauna wajen kulolin abinci ta sha iska. Jikata ta ɗago murya don in ji, ta ce, “Gara haka. Tsohuwar nan in ta faɗa ruwa kifi ma tofar da ita zai yi, ƙashi ne zalla.” Wasan jika da kaka ne, kullum muna yi, kullum ina rama mata. Ranar ban rama ba.

Ni za a ajiye gadin kula. Ni da na koyi iyo a kogin nan tun ba a haifi uban kowa a tabarmar ba. Ni da na san inda kowace rijiya take a ƙarƙashin ruwan da za su je su yi wa hoto. An tambayi ɗan shekara shida ko kaza yake so ko dambu, an ƙirga hannunsa, ni ba a ɗaga labule an ce me kika gani ba. Kuma ko an ɗaga, ya zan yi? In miƙa hannu sama a gaban ɗan farina?

Da taro ya watse na kira auta. Ita ce bakina a wurinsa tun tana yarinya. Na ce ta je ta gaya wa mai motar cewa ni ba mai gadin tukunya ba ce, jirgi zan shiga, kuma tsibiri za a kai ni, don uwata tana can. Ta ce to Inna. Ta tafi ta dawo ta ce ya ji. Washegari sai ga matarsa da sabuwar lema mai ruwan ganye da kujerar roba mai hannu, wai in ji Alhaji, kada rana ta taɓa ni a bakin gaɓa.

Na sa aka kira mini auta daga Zurgu, ta biyo motar kasuwa ta zo. Na ce ta maimaita mini abin da ta faɗa masa, kalma bayan kalma. Ta sunkuyar da kai ta ce ta gaya masa Inna tana sha'awar ganin ruwa sosai, in da hali. In da hali! Na ba ta garwashi ta kai masa ruwan sanyi. Na ce ta koma. Na ce ta ce masa wadda ta goya shi, ta tauna ta ba shi, ta kwana tana yi masa fifita lokacin da ƙyanda ta kama shi, tana kwance gabas ko yamma da dutsen nan, kuma in shi ya manta ni ban manta ba. Ta tafi. Da yamma sai ga ledar magani, wai na hana jiri da amai, da tsire mai zafi a takarda. Ashe cewa ta yi ina tunanin mutanen da, jikina ya yi sanyi.

Na daina cin abincin gidan. Kwana biyu kunu kawai nake sha, wanda na dama da hannuna. Matarsa ta shiga damuwa, ta zo ta durƙusa ta ce ko wani laifi ta yi. Na ce ba ruwanta. Shi kuwa sai ya aiko da mai duba hawan jini. Ana ta ɗaure mini hannu da wani ƙyalle ana hura masa iska, a tsakar gida kuma ana ta gardamar ko kaji goma sha biyu za su isa, ana gwajin rediyo mai kaset da za a tafi da ita, 'yan mata suna ta kai ɗinki. Na ce a raina, ku je ku ci kaji ku watsa ƙashi a ruwa, ai ba ku san kan wa zai sauka ba.

Ranar Alhamis da hantsi mai jirgin ya zo don a ƙarasa magana. Alhaji yana tasha, aka ce ya jira a zaure. Na ji ana cewa wani tsohon masunci ne, sai na ɗauki mayafina na fita, ai tsufa ya ba ni wannan damar. Muka gaisa. Ina jin yadda yake jan magana na ce kai ɗan wane gari ne. Ya faɗa. Garin da ke hayin namu ne, shi ma yana ƙarƙashin ruwa. Na faɗa masa gidanmu, sai ya cire hula ya sake gaishe ni, ya ce ai ya sha furar mahaifiyata ranar kasuwa yana saurayi. Muka lissafa matattu muka yi musu addu'a.

Sannan na tambaye shi ko tsibirin yana da nisa. Ya ce da inji ba nisa, da filafili ma ana zuwa in iska ta kwanta. Na ce to me ya sa ba za a bi ta can ba, ko ruwan wurin yana da haɗari? Ya ce ko kusa. Ya ce Alhaji ne ya kafa masa sharaɗi tun farko, ko'ina a bi amma ban da tsibiri. Sai ya ƙara da cewa, “Ai na ɗauka kin sani, Hajiya. Duk shekara ni nake kai shi can, shi kaɗai, a ƙaramin kwale-kwalena. Ya kai shekara ashirin. Ya zauna ya yi addu'arsa mu juyo.”

Ban san yadda na koma ɗaki ba. Da ina cewa mantawa ya yi, ina jin haushin mai mantuwa. Ashe bai manta ba. Ashe ya san wurin, yana zuwa, ya dawo da ƙafarsa da laimar ruwan nan ya durƙusa a ƙofata ya ce Yaya ina kwana, ni kuma in ce lafiya lau. Shekara ashirin. Uwar tawa ce fa. Ni na sha nononta, shi aro aka ba ta.

Na sake aikawa Zurgu. Auta ta zo ranar Juma'a fuska a kumbure. Na ce wannan karon ba ragi ba ƙari, ta je ta ce masa ya ci amanata. Sai ta zauna a ƙasa ta ce ba za ta je ba. Ta ce, “Inna, shi fa yayana ne, shi ya aurar da ni. Ta ina zan buɗe baki in ce masa ya ci amana? Tun ina 'yar shekara bakwai nake yawo tsakaninku kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai. Ke ki ba ni mai zafi, shi ya ba ni mai nauyi, ni ce mai sauƙaƙawa. Na gaji. Ga shi can, taku ashirin ne daga ƙofarki.” Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi. Na zage ta a bayanta, amma na san ba ta yi ƙarya ba.

Asabar da sassafe gida ya kacame. Ana fitar da kuloli, ana ɗaure tabarmi a saman bas, yara sun sha sababbin kaya, maƙwabta sun fito kallo. Aka ɗauki kujerar robata da lemata aka kai mota. Shi yana tsaye a gaban bas ɗin farko, ya buɗe wurin inji yana zuba ruwa da buta, ya naɗe hannun riga.

Na fito. Na ratsa tsakar gida, na ratsa zaure. Na tsaya a bayansa, na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa ina ɗaki ina toshe kunne don kunya. Bai taɓa fita daga bakina ba, har na ji shi baƙo a kan harshena.

Butar ta faɗi. Surutu ya ɗauke kamar an yanka shi da wuƙa. Matarsa ta ja yara ta koma zaure, ƙannensa suka zagaya bayan mota suka shiga duba tayar da ba abin da ya same ta. Ya juyo, ya durƙusa a cikin ruwan da ya zube. Na kalle shi, ido cikin ido. Ashe gemunsa ya yi furfura har haka, ashe yana da tabo a gira. Ban sani ba.

Na ce, “Wa ya ba ka uwata ka riƙe kai kaɗai?”

Ya ce, “Yaya, a shiga ciki.”

Na ce a nan zan ji. Na ce shekara ashirin yana zuwa, ko sau ɗaya bai ce zo mu je ba, yanzu kuma ya sayo mini kujera in zauna in yi gadin shinkafa.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce bai hana tsibiri don kowa ba sai don ita, ba zai kai rediyo da ƙashin kaza kan Inna ba. Na ce wannan na ji, ni fa? Sai ya ɗago. Muryarsa ba ta tashi ba, amma na ji zafi a cikinta irin nawa. Ya ce, “Ni na bi gawarta, ina ɗan yaro, na ga inda aka sa ta. Na dawo gidanki na zauna. Kin taɓa tambayata? Ko ta bakin auta? Na ɗauka ba kya so a tayar miki.”

Na ce, “Kai ka taɓa faɗa?”

Ya ce, “Wa zan faɗa wa? Labule?”

Da wani ne ya gaya mini haka da na mare shi. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya kira ƙaninsa mai gemu ya ce su wuce da jama'a, su bi gaɓar arewa yadda aka ɗaga hannu, shi da Yaya za su shiga na uku, ƙaramin kwale-kwalen tsohon masunci. Mai gemu ya buɗe baki zai yi maganar maza da mata, mai motar ya ce masa, “Uwata ce.” Ya rufe.

A bakin ruwa jiragen nan biyu suka tashi da ƙara da kiɗa, suka nufi wajen duwatsu, yara suna ɗaga mana hannu. Mu kuma tsohon masunci ya jawo ƙaramin kwale-kwalensa mai warin kifi. Mai motar ya miƙo hannu zai riƙe ni, na ture shi na shiga da kaina. Muka yi ta tafiya, masunci yana tuƙi da filafili. Ina ta duban ruwa ko zan gane wani abu. Ba abin da na gane. Inda kasuwa take da inda gonar babana take duk fuska ɗaya. Sai da dutsen ya matso na ga tsagar nan da muke ɓuya a ciki in an aike mu kiwo, ruwa yana shiga yana fita a bakinta.

Ya sa aka zagaya ta gabas. Ya daidaita tsagar dutsen da wani tudu can a hayi, ya ce a ɗan ƙara gaba, a ɗan koma baya, sannan ya ce nan ne. Masunci ya kwantar da filafili ya juya mana baya.

Na sa hannu a ruwan. Na yi mata addu'ar da na iya. Na buɗe baki zan faɗi abin da na zo faɗa, sai ya ce in dakata, akwai saƙo. Ya ce ranar da na zo muka yi faɗan yana bayan rumbu, ya ji komai. Ya ce da ciwo ya kwantar da ita, kwana biyu kafin ta cika, ta kira shi ta ce, “Ka gaya wa uwarka gaskiya ta faɗa, ita ta haife ka. Ni na yafe mata tun kafin ta kai bakin kogi. Girman kai ne ya hana ni fitowa.”

Ya ce ranar da na zo gaisuwa ya matso zai faɗa, na ja mayafi na rufe fuska. Da ya dawo Fassi ya sake gwadawa a bakin murhu, na tashi na ba shi wuri. Ya ce saƙo ne da ba a ba wa auta ta kai. Daga nan ya yi nauyi, kowace shekara ya ƙara nauyi, har ya zama in ya zo nan abin da yake roƙo shi ne ta yafe masa rashin isarwa.

Kuna jira in ce na yi kuka. Ban yi ba. Haushi ne ya cika ni har wuya. Fiye da shekara talatin ina kwana ina tashi da dutse a ƙirji, ashe an sauke mini shi tun ina da sauran haƙora, yana ajiye taku ashirin daga ƙofata. Na ji haushinsa, ƙato da gemu ya kasa ɗaga labule. Na ji haushinta, da ta bari na kai bakin kogi ba ta fito ba. Na ji haushin duk tsohuwar da ta taɓa yaba mini ta ce wance akwai kunya, ba ta ko kallon ɗanta. Wadda na fi jin haushi kuwa ita ce mai jan mayafin. Na ce wa ruwan, “Inna, na ji. Ni ma ki ji, ban ji daɗin yadda kika yi ba.” Sannan na ce a juya.

A hanyar komawa ya ce ko zan sha ruwa. Na ce a'a. Can kuma na ce ya miƙo.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Tsohon masunci ya kai mu sau huɗu bayan wannan, mu biyu, sannan Allah ya karɓi abinsa, ɗansa ya sayar da kwale-kwalen ya sayi babur. Auta tana nan Zurgu da jikokinta, ta ce tun ranar ta yi ritaya, ko gishiri ne in aike ta wurin yayanta ba ta zuwa. Mai gemu ya tsaya takarar kansila ya faɗi, ya koma sayar da taki. Jikata mai ƙirga hannu ta zama malamar makaranta a Kibiya, ta haifi ɗan fari, tana kiran sunansa har maƙwabta su ji, ni kuma ban taɓa hana ta ba. Hotunan gaɓar arewa suna rataye a ɗakin matarsa, kowa yana ciki yana dariya, ban da ni da shi.

Mai motar ya bar tuƙi, idonsa ya yi rauni. Sunansa ban ƙara kira ba, sau ɗayan nan ne, harshena ya ƙi. Amma na sa an cire labulen. Da safe yakan zo ya zauna a kan kujerar robar nan da ya saya mini, ya yi ta ba ni labarin Inna, yadda take ɓoye masa ƙuli-ƙuli a cikin tulu, ni kuma ina gyara masa inda ya yi kuskure. Wani lokacin sai haushin ya taso mini in ce ya tashi ya tafi, ya tafi, gobe ya dawo. Kifin Tiga kuwa har yau ban ci ba.

Iyakarta ke nan. Ku karɓi kunnuwanku, na gama da su.